Ta'aziyyar Mai Rai

Raƙiya da kunnenta ta ji an yi wa uwarta ta'aziyyarta, tana zaune a bayan labule da kaba a cinya.

Farkon damina ne, a wani gida na bakin garin Tawa, can inda unguwa ba ta gama cika ba, gida nan, fili can. Hajiya Safi ta zo ganin gida. Ita ce gwaggon Mansur, saurayin da ke neman Samira, ƙanwar Raƙiya. Su Mansur mutanen Damagaram ne, ƴan kasuwa, sun daɗe a Tawa har sun yi kanti da mota. Da aka ji sallamarta a zaure, Inna Zaliha, uwarsu, ta dubi Raƙiya ta nuna mata ɗaki da haɓa. Raƙiya ta zura hannuwanta cikin silifa, ta ja shanyayyun ƙafafunta ta shige. Ba yau aka fara ba. Tun da suka baro ƙauyensu na wajen Takanamat, duk baƙon da ya yi sallama sai an nuna mata ɗaki, wai sai sun san mutanen birni tukuna.

Hajiya ta sha ruwa, ta yaba tsaftar tsakar gida, ta shafa tabarmar da aka shimfiɗa mata ta ce saƙar ta yi kyau. Ba wanda ya ce mata ga mai saƙar nan a bayan labule. Can ta ajiye moɗa ta ce, “Samira ce ƴar fari?”

To, kowa ya san mace a nan ƙasar Adar ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta zancensa a gaban mutane, ko an tambaye ta sai ta sunkuyar da kai. Raƙiya ta girma ba ta taɓa jin sunanta a bakin uwarta ba, sai dai “ke” ko “waccan”, kuma bai taɓa damunta ba, don haka ake wa kowace ƴar fari. Inna Zaliha ta sunkuyar da kai ta ce, “A'a. Akwai wata gabanta.” Daga nan ta hau wasa da bakin zanenta.

Hajiya ta jira. Ta dubi tsakar gida ba ta ga kowa ba, ta dubi kan da ke sunkuye, sai ta sassauta murya. “Ayya. Allah ya jiƙanta. Allah ya sa tana cikin rahama.”

Akwai lokaci, wallahi akwai. Kalma ɗaya ta isa. Raƙiya ta tsayar da hannu a kan saƙa tana jira uwarta ta ce kunya ce, ga ta can a ɗaki. Sai ta ji muryar da ta fi sani a duniya ta ce, “Amin.”

Bayan baƙuwa ta tafi, Raƙiya ta fito ta zauna a gaban murhu, inda uwarta ke hura wuta.

“Inna, na ji.”

“Kin ji mi? Ni ban ce kin mutu ba. Ita tac ce.”

“Ke kinka ce amin.”

“In an yi addu'a mi aka cewa? So kike in buɗe baki in yi zancen ɗiyar fari gaban suruka, a ce ban da kunya?” Ta ƙara hura wutar da ta riga ta kama. “Kuma matar nan an ce ta taɓa ɓata neman aure don akwai mai farfaɗiya gidan. Ki tausaya wa ƙanwarki.”

“Shan-inna ba a gadonsa, Inna. Likita ya faɗa gabanki.”

“Je ki faɗa ma Hajiya.”

Da Malam Yunusu, mahaifinsu, ya dawo daga kasuwar dabbobi inda yake dillanci, ya ji labarin a tsaye. Ya yi salati, ya yi faɗa kaɗan, ya ci tuwonsa. Da ya wanke hannu sai ya ce magana ta riga ta fita, in aka bi ta a gyara yanzu za a ce gidan maƙaryata ne. A bari a ɗaura aure, sannan a san yadda za a yi.

Raƙiya ta ce, “Sannan in tashi daga kabari, Baba?”

“Bar wannan magana. Ɗan lokaci ne.”

Ɗan lokacin ya fara da ɗaki. Matan gidan su Mansur sun soma zuwa ba sanarwa, yau ƙanwa, gobe matar wa, kuma mace in ta zo ba ta tsayawa tsakar gida, sai ta ɗaga labule. Don haka aka kwashe buhunan dusa daga ɗan ɗakin da ke kusa da turken awaki, aka share, aka shimfiɗa wa Raƙiya tabarma. Ƙofar langa-langa ce. Taga ɗaya ce, ƙarama, can sama a bangon da ya dubi titi, kuma a gindin wannan bangon ne daga waje Malam Yunusu ke shimfiɗa tabarmarsa da la'asar. Duk abin da aka faɗa a ƙofar gida Raƙiya na ji. Hakan na nufin duk abin da ta yi su ma za su ji. In Mansur ya zo gaishe da suruki, ko tari ya taso mata sai ta cusa bakin zane a baki.

Wannan fa Raƙiya ce, wadda a ƙauye ba a cin kasuwa ba ita. Kekenta na guragu, koren nan mai ƙaho, tun daga nesa ake jin sa. Takan ɗaura tabarmi a baya ta murza da hannu har rumfarta, ta yi ciniki da buzaye da ɗan yarensu da ta iya, ta yi wa mahauta tsiya su rama. In yaro ya tsaya yana kallon ƙafafunta sai ta ce, “Matso ka duba da kyau, gurguwa ce, ba ta cizo.” Ba ta taɓa rage murya ba in za ta faɗi kalmar. Yanzu keken yana bayan turke an lulluɓe shi da tsohon bargo, ita kuma tana koyon tari ba sauti.

Samira ce ke kawo mata abinci. Yarinya ce mai sanyin hali, kuma tana son Mansur so na gaskiya. Takan ajiye kwano ta tsuguna, ta kasa haɗa ido da yayarta.

“Yaya, ki yahe mini.”

“Ke mi kinka yi? Tashi ki tahi, kar ki ɗauki warin awaki.”

Wata la'asar sai ga ƙahon keke a ƙofar gida, da wata babbar murya tana rafka sallama. Nan take Raƙiya ta gane muryar. Kadidiya ce, shugabar mata ta ƙungiyar naƙasassu ta Tawa, ita ma gurguwa, ita ce ta kai mata koren keken har ƙauye shekarun baya. Mace ce mai faɗin ƙirji da dariya kamar ta namiji. Raƙiya ta ji tana cewa ta sha wuya kafin ta gano gidan, sai da ta bi ta wajen ƴan Takanamat a tasha. Ranar naƙasassu ta kusa, za a yi jerin gwano a gari, an fitar da anko, kuma tana son Raƙiya a sahun gaba.

Mansur yana zaune a tabarmar. Raƙiya ta san yana nan, don ta ji gaisuwarsa ɗazu.

Kadidiya ta tambayi inda Raƙiya take. Sannan Malam Yunusu ya yi gyaran murya ya ce, “Ai Raƙiya Allah ya yi mata rasuwa.”

Wannan karon ba wanda ya yi masa zato, ba kunyar ɗan fari, ba komai. Da bakinsa ya faɗa, tsaf, kamar mai faɗin farashin akuya.

Raƙiya ta buɗe baki za ta yi kira. Samira da ke tsugune kusa da ita ta damƙe hannunta da hannu biyu, tana girgiza kai, hawaye na zuba, leɓunanta na cewa don Allah, don Annabi. Raƙiya ta dubi fuskar nan da ta yi reno a kan waɗannan shanyayyun ƙafafun nata tun tana jaririya. Ta rufe bakinta.

A waje Kadidiya ta yi kuka sosai, ba ta ɓoye ba. Da ta share ido ta ce a gafarce ta, amma ƙa'idar ƙungiya ce, in mai keke ya rasu keke na komawa, don masu jira suna da yawa. Malam Yunusu ya ce ai gaskiya ne. Ya shigo da kansa, ya yaye bargon, ya tura keken ya wuce ta gaban ƙofar langa-langa bai dubi ƙofar ba. Mansur, yaron kirki, shi ya tare amalanken jaki ya taimaka aka ɗora, har yana cewa Allah ya kai ladan kabarinta.

Da yamma uban ya tsaya a bakin ƙofa. “Yaron na zaune, mi kike so in ce? In an gama biki ni da kaina zan karɓo miki shi.”

Raƙiya ta ci gaba da tsaga kaba da ƴar wuƙarta.

Akwai wasu faifan roba da take ɗaurawa a gwiwa, na tsohuwar taya, wani baduku a ƙauye ke yanka mata su daidai gwiwarta. Sun cinye har sun huje. Ta faɗa wa uban sau da yawa. Ya ce to, ya ce gobe, daga baya ya fito fili ya ce in ya je wajen baduku a Tawa za a tambaye shi na wane ne. Don haka ta koma rarrafe da tsumma a gwiwa. Hanyar makewayi kuwa ta tsakiyar turke ta bi, ga damina ta kankama, ƙasa ta zama taɓo da fitsarin awaki. Wata safiya wani guntun langa-langa mai tsatsa da ke binne a cikin taɓon ya tsarge mata gwiwar dama.

Yankan bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Inna ta wanke shi da ruwan gishiri ta barbaɗa garin bagaruwa. Ya ƙi kamewa. Ta sayo kafso wajen mai tallan magani, ta fasa ta zuba. Gwiwa ta kumbura ta yi sheƙi, zafi ya hau cinya, sannan zazzaɓi ya zo ya zauna.

“Inna, a kai ni likita.”

“Wace likita? Ta unguwa? Yayar Mansur can take aiki, ita ka rubuta sunan kowa.”

“To a kai ni babbar.”

“A fitar da ke ta ina? Ta sama? Unguwa duk ido ce.” Ta matse tsumma ta ɗora mata a goshi. Kada a ce ba ta son ɗiyarta. Tana son ta. Irin son nan ne da ke dafa maka kunu ya kuma ja ƙofa ya rufe. “Ki yi haƙuri. Ana kawo balis ɗin lefe, sai ɗaurin aure, shi ke nan.”

Sai ciwo ya fara wari. Da farko Raƙiya kaɗai ke ji, daga baya Samira ta soma riƙe numfashi in ta shigo, daga baya ya fito har tsakar gida. Inna ta sayo turaren wuta. Duk ranar da ake tsammanin baƙi sai ta ajiye kasko a bakin ƙofar langa-langa, hayaƙi ya cika ɗakin, Raƙiya ta cusa zane a baki. Wata baƙuwa ta taɓa yamutsa fuska ta ce kamar wani abu ya mutu a turken nan. Inna ta ce ɓera ne, an sa magani.

Samira ta tari uban a zaure, Raƙiya na ji.

“Baba, a hwasa auren. Yaya za ta mutu.”

“Rai na hannun Allah. Ke kin fi mu sonta? Na karɓo rubutu wajen malam, ki kai mata ta sha.”

Fatar da ke kewayen ciwon ta soma yin baƙi. Raƙiya ta daina saƙa, don kaba na zame mata daga yatsu. Takan kwanta ta dubi ƴar tagar, ta ji mai tallan nono ta wuce, ta ji yara sun taso daga lakwal, makarantar boko, ta ji ladan. Abin da ya fi ba ta tsoro ba mutuwar ba ce. Lissafi take yi, in ta cika a ɗakin nan, yaya za su yi da ita? Wa za su kira ya yi mata salla, alhali an riga an yi ta'aziyya? Ta san uban ba mugu ba ne, amma ta ga yadda kowace ƙarya ke jawo wadda ta fi ta, kuma ta san akwai fili a bayan gida da ba kowa ke bi ba.

Ranar kawo balis ta faɗo Asabar. Tun da hantsi gida ya cika da ƙamshin miya. Inna ta shigo da kunu da kaskon turare, ta tsaya tana duban ɗiyarta. Idanun Raƙiya sun faɗa, leɓunanta sun tsage.

“Yau kaɗai,” in ji Inna. “Don girman Allah, yau kaɗai.”

Ta fita ta ja ƙofa. Raƙiya ta ji ana zura igiya ta hujin langa-langa ana ɗaurewa a jikin gungume. Ba a taɓa ɗaure ta ba sai yau.

Mata suka iso da guɗa. Aka shimfiɗa tabarmi, aka buɗe akwatuna, ana ɗaga atamfa ana yabawa. Muryar Hajiya Safi ta fi ta kowa. Maza kuma suna waje a gindin bango tare da Malam Yunusu, ana raba goro.

Can sai wani kiɗa ya taso daga wajen babban titi, ganguna da ƙahonin kekuna da lasifika. Yana matsowa. Raƙiya ta ɗaga kai da ƙyar. Ashe yau ce ranar, kuma jerin gwanon ta unguwarsu zai bi ya koma cikin gari. Ta ji mai lasifika yana cewa su ma ƴan garin nan ne, a fito a gan su, ba su zo roƙo ba, sun zo gaisuwa. Ya ce duk gidan da ke da irinsu a buɗe masa ƙofa. Sannan ya ce a yi wa ƴan'uwa da suka riga mu gidan gaskiya addu'a, ya fara jero sunaye. Na ukun ko na huɗun ya ce Raƙiya Yunusu ta Takanamat, mai tabarmi. Jama'a suka amsa da amin, har da mazan da ke gindin bango.

Ta lalubo ƴar wuƙar kaba a ƙarƙashin tabarma. Ta ja jiki zuwa ƙofa, ta tura langa-langar har igiya ta bayyana a tsaga, ta sa wuƙa. Igiyar kaba ce, ba ta yi gardama ba.

Silifa ɗaya ta samu, ɗaya hannun haka ta dafa shi a taɓo. Duk jan da ta yi sai ta ji kamar ana zare mata ƙafar daga ƙugu. Ta ratsa turke, awaki suka dare. Ta zagayo bayan ɗakin girki, ta fito tsakar gida, cikin atamfofi da akwatuna.

Guɗa ta tsaya. Wata yarinya ta toshe hanci. Samira, da ke leƙe daga ɗaki da lalle a hannu, ta dafa bango. Hajiya Safi ta dubi matar da ke ƙasa, gashi a cukurkuɗe, zane ya jiƙe da ruwan ciwo, ta juya ga Inna Zaliha.

“Wace ce wannan?”

Nan ma akwai lokaci. Raƙiya ta ɗaga ido ta dubi uwarta, ta ba ta wannan lokacin.

“Wata ce,” in ji Inna, muryarta can ƙasa. “Daga ƙauye. Riƙo muke, don Allah.”

Raƙiya ta gyaɗa kai a hankali, kamar wadda aka faɗa wa abin da ta riga ta sani. Ta juya ga Hajiya. “Sunana Raƙiya. Ni ce ƴar farin gidan nan, ni kinka yi wa addu'a. Tabarmar da kike zaune bisa ni na saƙa ta. Gurguwa ce ni, Hajiya, ban mutu ba.”

Ba ta jira amsa ba. Ta bi ta tsakaninsu, mata na janye ƙafafu da bakin zane, ta shiga zaure. A ƙofar waje Malam Yunusu ne zaune a bakin dokin ƙofa, ya miƙe ƙafa ya tare hanya, yana kallon jerin gwano. Ya waiwayo ya gan ta. Goron da ke hannunsa ya faɗi.

Ya sunkuyo ya yi raɗa. “Koma ciki. Don Allah, Raƙiya, koma ciki, mutane na nan.”

“Baba, ɗauke ƙafarka in wuce.”

Ya dubi mazan da ke tabarma, su ma suna dubansa. Ya ɗauke.

Rana ta buge ta a ido. Titi cike yake da mutane cikin anko shuɗi. Makafi sun jeru kowa ya dafa kafaɗar na gabansa suna waƙa, kurame na rawa kusa da ganga inda suke jin dukanta a ƙirji, kekuna an yi musu ado da ƙyallaye. Amma yawancinsu sun riga sun wuce, kuma Raƙiya ba ta da muryar kira. Ta ja jiki har tsakiyar hanya ta zauna a nan, don kada a wuce ba a gan ta ba.

Kadidiya kullum a ƙarshe take tafiya, don ta tattaro waɗanda suka gaji. Ta ja birki har keken ya karkace. Ta daɗe tana kallo.

“Raƙiya? An ce mini...”

“An ce miki. Kai ni likita.”

Kadidiya ta dubi gwiwar, ta dubi ƙofar gidan da mutumin da ke tsaye a bakinta. Ta danna ƙaho ba ƙaƙƙautawa har ganguna suka yi shiru, jerin gwano duka ya juyo baya.

An yanke ƙafar daga saman gwiwa. Likitan ya ce da an ƙara kwana kaɗan da ba ƙafa kaɗai za a rasa ba. A unguwa kuwa ba a rasa masu cewa ai dama ba ta taka ta, me aka yi asara. Wasu suka ce yarinyar ba ta kyauta ba, da ta daure har a ɗaura aure. Inna Zaliha ta ce ita har gobe ba ta taɓa cewa ɗiyarta ta mutu ba. Malam Yunusu ya ce ƙaddara ce. Kowa ya samu abin faɗa, kuma ba wanda ya ce shi ya ɗaure ƙofar. Mutanen Mansur suka kwashe akwatunansu suka ce za a ji daga gare su. Samira na zuwa gidan likita kullum da kunu, ta rame, ba ta taɓa ambatar aure ba, kuma wannan shirun nata ya fi ƙafar ci wa Raƙiya rai.

Uban ya zo wata rana bayan azahar, da lemu a leda. Ya zauna a bakin gado ya tambayi jiki, ya sake tambayar jiki. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya je wajen mutanen Mansur da dattawa. Yaron yana son Samira har yanzu, amma Hajiya ta ce ba za su ɗauki ɗiya daga gidan da ke kulle mai rai ba. Sai dai dattawa sun samo mafita. In Raƙiya ta faɗa a gaban Hajiya cewa ita ce ta roƙi a ɓoye ta, don tana jin kunyar jikinta a gaban mutanen birni, iyaye kuwa suka bi son ranta don tausayi, to magana za ta gyaru.

“Kalma biyu ce, ɗiyata. Ba wanda zai ga laifinki. Kowa ya san mai irin lalurarki yana jin kunya.”

Raƙiya ta dubi inda zanen gado ya kwanta shafal a gefen dama. Ta tuna fuskar Samira, kuma ta san abin da amsarta za ta ci. Hawaye ya zo mata, ba ta share ba.

“Baba, ka taɓa ganin na ji kunyar jikina?”

Ya sunkuyar da kai, ta ci gaba.

“In Hajiya na son gaskiya ta zo, in roƙe ta da bakina kar ta hukunta Samira, don ita kaɗai tac ce a kai ni likita. Wannan zan yi, ko da rarrafe. Amma wancan ba ni faɗinsa.”

“To in sunka ƙi fa? Auren ƙanwarki fa?”

“Na bar muku ƙafa, Baba. Bakina nawa ne.”

Ya zauna ɗan lokaci yana juya hularsa a hannu. Sannan ya tashi, ya ajiye ledar lemun a ƙarshen gadon, a wurin da babu ƙafa, ya fita bai yi sallama ba.